Yadda Ake Gano Inda Baƙin Mai Yake Tafiya a Injin Turbo da Aka Sake Ɗaurewa

Idan an sauke injin mota mai turbo an sa masa sabbin fistin da ringi, an gyara kan silinda, wataƙila ma an ɗora masa turbo mafi girma, sannan gejin baƙin mai ya fara sauka da sauri, zargin farko yakan faɗa kan turbo, na biyu kuma kan ringi. Dukansu gyara ne masu cin kuɗi, kuma sau da yawa ana yin su ba tare da an tabbatar da komai ba, a sayi sabon turbo a ɗaura, bayan mako guda hayaƙin ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. Hanyoyin da baƙin mai zai iya bi ya bar inji ƙididdigaggu ne: ko ya yi yoyo zuwa waje, ko ya shiga ruwan lagireto, ko ya bi bututun numfashin inji, wanda yake fitar da iskar da ta taru a cikin bulok, ko ya fita ta turbo, ko ya gangara ta jikin bawul, ko kuma ya wuce ringi ya hau saman fistin. Kowace hanya tana barin sawu irin nata, kuma aikin mai bincike shi ne ya bi sawun nan bisa tsari, ya fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai, ya bar buɗe inji ya zama na ƙarshe.

Kafin a fara, a rage matsin turbo zuwa mafi ƙanƙanta, a kuma daina tuƙin ƙure totur. Baƙin man da ya shiga ɗakin ƙonewa yana rage juriyar fetur, sai cakuɗin ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma wannan ƙwanƙwasar ce take fasa gefen fistin a injin da yake ɗauke da matsi mai yawa. Injin da ya fara da shan mai kaɗan yana iya ƙarewa da fasasshen fistin idan aka ci gaba da matsa masa.

Mataki na farko: a auna, kada a yi ƙiyasi

Cewa inji yana shan mai ba bayani ba ne har sai an san nawa yake sha a tafiyar kilomita nawa. A tsayar da motar a wuri mai daidai, inji ya yi zafinsa na aiki, a kashe shi a jira minti 10, a duba geji a yi alama, a rubuta adadin kilomita. Duk dubawar da za a yi nan gaba a yi ta a wuri ɗaya, da zafi ɗaya, bayan jira iri ɗaya. A motoci da yawa tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin geji kusan lita 1 ce, amma wannan ya shafi inji ne yadda ya fito daga kamfani. Idan an canza kaskon mai na ƙasan inji, ko an ƙara na'urar sanyaya mai, ko an sa geji na wani inji, alamomin sun daina faɗin gaskiya.

Saboda haka hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta sikeli. A juye man inji yana da zafi na tsawon lokaci ƙayyadadde, misali minti 15, a auna nauyinsa, a mayar da shi ciki, a yi tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000, a sake juyewa da irin wancan zafin da irin wancan lokacin, a sake aunawa. Lita 1 ta man inji tana da nauyin giram 850 zuwa 870, don haka mayar da bambancin zuwa lita abu ne mai sauƙi. A kuma shinshina man. Injin da kwamfutarsa take zuba fetur fiye da kima yana tara fetur a cikin kasko, fetur ɗin ya cike gurbin man da ya ɓata, geji ya nuna kamar ba abin da ya ragu, sai ranar da aka yi doguwar tafiya fetur ɗin ya zama tururi ya fita, a ga mai ya faɗi lokaci guda.

Me za a kwatanta sakamakon da shi? Littafin mai mota na Volkswagen yana ɗaukar shan mai har zuwa rabin lita a kilomita 1,000 a matsayin abin da zai iya faruwa, General Motors kuwa ta sa iyakarta a kusan lita 1 a kilomita 3,200 ga motar da ake tuƙawa tuƙi na yau da kullum. Injin da aka ɗaure don gudu, mai fistin da aka bar wa tazara mai faɗi, ba zai kai injin kamfani tsimin mai ba, amma a ganina duk wanda ya wuce rabin lita a kilomita 1,000 bayan ya gama zama yana da matsalar da ya kamata a nemo. Batun zama yana da muhimmanci: sabbin ringi suna ɗaukar lokaci kafin su kwanta da bangon silinda, kuma a kilomitocin farko shan mai ba abin tayar da hankali ba ne muddin yana raguwa daga awo zuwa awo. Idan an kai kilomita 1,500 zuwa 2,000 adadin bai sauka ba, jira ba zai ƙara komai ba.

A nan ne kuma za a tabbatar ba a cika man fiye da kima ba. Man da ya hau sama kurankishaf yana dukansa ya zama feshi da kumfa, ya cika bututun numfashi, ya kuma toshe bakin bututun da yake dawo da mai daga turbo. A juye duka, a zuba ainihin adadin da kaskon yake ɗauka, a ga inda ya tsaya a geji.

Mataki na biyu: yoyon waje da ruwan lagireto

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A wanke injin tas, a zuba rinin gano yoyo a cikin mai, a yi tafiya har da ɗan taka totur, a haska da fitilar da take bayyana rinin. A duba murfin bawul, sil ɗin kurankishaf na gaba da na baya, sil ɗin kamshaf, gindin filta, tiyo-tiyon na'urar sanyaya mai da bututun turbo guda biyu. Rashin ɗigo a ƙasa ba hujja ba ce, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai inji yana ɗauke da matsi, iska kuma ta kwashe shi ta shafe ƙarƙashin motar, ko ya ɗiga kan salansa ya ƙone. Idan an ga sil da yawa suna naso a lokaci guda a injin da aka ɗaure kwanan nan, kada a tsaya canza su ɗaya bayan ɗaya, domin alama ce ta matsi a cikin bulok, wanda za a zo kansa. Sai a buɗe murfin lagireto inji yana sanyi a ga ko akwai maiƙo a saman ruwan, wanda yakan fito daga na'urar sanyaya mai ko daga gaskit ɗin kan silinda.

Mataki na uku: a karanta hayaƙi da filogi

Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne kuma yana da ƙauri, ya bambanta da baƙin hayaƙin fetur da ya yi yawa da kuma farin tururin ruwa. Lokacin da yake fitowa ya fi launinsa bayani, don haka a sa wani ya bi motar a baya ko a ɗaura kyamara tana kallon bakin salansa. Idan ya fito da safe a tashin farko ya ɓace bayan daƙiƙoƙi kaɗan, mai ne da ya gangara ta jikin bawul cikin dare. Idan ya fito bayan an sauko doguwar gangara da giya a ciki ba a taka totur ba, a daidai lokacin da aka sake takawa, to zuƙar da manifol na shigar iska yake yi ce ta jawo man, ko ta sil ɗin bawul na shigar iska, ko ta bawul ɗin PCV (ƙaramin bawul na numfashin inji), ko ta ringin mai. Idan sai turbo ya cika matsi sannan yake fitowa, a fi zargin numfashin inji da ringi da ɓangaren sanyi na turbo, wato wanda yake turo iska. Idan kuwa bayan an daɗe a tsaye inji yana aiki ne, a fi zargin bututun dawo da man turbo ko sil ɗin bawul na fitar hayaƙi. Motar da take da matatar hayaƙi a salansa tana iya ƙone mai da yawa ba a ga komai ba, don haka rashin hayaƙi ba ya wanke inji.

Daga nan a cire filogi duka a jera su bisa lambar silinda. Filogi ɗaya mai jiƙe da baƙin maiƙo, ko mai tarin farar toka, alhali sauran suna bushe, yana nuna matsalar ta silinda ɗaya ce: ringi, fistin ko bawul na wannan silindar. Idan duk sun yi iri ɗaya, man yana shigowa ne tare da iska, ko kuma kuskuren ɗauri ya shafi silinda duka. Idan kuwa filogi suna da tsabta amma salansa tana hayaƙi, man yana shiga ne bayan ɗakin ƙonewa, wato ta bawul na fitar hayaƙi ko ta ɓangaren zafi na turbo, wanda hayaƙi yake bi.

Mataki na huɗu: numfashin inji da matsin cikin bulok

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne mafi yawan injinan da aka ƙara wa ƙarfi suke samun matsala, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Kowane inji yana sakin wani kaso na iskar ƙonewa ta gefen ringi zuwa cikin bulok. A injin turbo kason ya fi yawa, a injin da aka buɗe wa tazarar ringi aka kuma ƙara masa matsi ya ƙara yawa, alhali sau da yawa bututun numfashin da kamfani ya tsara wa ƙarfin asali ne aka mayar masa. Idan iskar ba ta sami isasshiyar mafita ba, matsi yana taruwa a ciki, ya hana mai saukowa daga kan silinda, ya hana shi saukowa daga turbo, ya tura shi ta sil, ya kuma kwashi feshinsa ya kai bakin turbo.

Injin turbo yana numfashi ta hanya biyu. Ɗaya tana zuwa manifol ta bawul ɗin PCV, tana aiki lokacin da manifol yake zuƙa, kuma dole ta rufe ruf idan turbo ya fara turo iska. Ɗayar tana zuwa bututun da yake gaban turbo, ita ce take ɗaukar nauyin duka a lokacin matsi. A cire bawul ɗin PCV a hura shi ta ɓangaren manifol: idan iska ta wuce, to matsin turbo yana shiga cikin bulok kai tsaye, kuma wannan ƙaramin abu shi kaɗai ya isa ya sa lafiyayyen inji hayaƙi. A injinan da suke da roba mai daidaita zuƙa a murfin bawul, yagewarta tana jawo akasin haka, wato zuƙa ta yi yawa, a ji fito, murfin zuba mai ya yi wuyar cirewa inji yana aiki, manifol kuma ya riƙa shan mai kai tsaye. A bi kowane tiyo da hannu a tabbatar bai lanƙwashe ba, bai toshe ba, ba a kuma haɗa shi a juye ba. Idan an ɗaura gwangwanin tare mai, a duba girman bakunansa, domin wasu ƙanana ne ƙwarai, maimakon su taimaka sai su shaƙe numfashin. Haka nan murfin bawul da aka canza ko aka cire wa farantin da yake tare feshi daga ciki yana barin mai ya bi iska ya fita.

Sai a auna matsin kansa. A haɗa geji mai karanta ƙaramin matsi a bututun gejin mai, ko a bakin wani murfin zuba mai da aka huda don wannan aiki. Inji yana aiki a tsaye, siririn tiyo mai garai-garai da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa ya wadatar, domin santimita 1 ta ruwa kusan matsin miliba 1 ce, kuma abin da ake son gani shi ne 'yar zuƙa kaɗan. A lokacin matsi kuwa sai da geji na sosai ko sensa mai ajiye bayani, a kan na'urar daino, wadda ake gwada ƙarfin mota a kanta tana wuri ɗaya, ko da mutum na biyu yana karantawa, direba ya sa ido a hanya. Ya kamata allurar ta zauna kusa da sifiri. Idan tana hawa tare da matsin turbo, ko dai numfashin ya yi ƙanƙanta, ko kuma ringi suna sakin iska fiye da kima, kuma akwai gwajin da zai raba tsakani.

Gwajin shi ne a cire hanyoyin numfashi biyun daga manifol da gaban turbo, a toshe ramukan da aka bari, a kai tiyo masu faɗi zuwa gwangwani buɗaɗɗe, na ɗan lokacin gwaji kawai. A wanke intakula, wato na'urar da take sanyaya iskar da turbo ya turo, da bututunta tukuna, sannan a yi tafiya. Idan hayaƙi ya tsaya, matsin ya sauka, gwangwanin kuma ya tara mai, an gano hanyar, gyaran kuma na numfashi ne. Idan matsin ya ci gaba da hawa duk da faffaɗar mafita, zargi ya koma kan ringi. Idan matsin ya sauka, gwangwani bai tara komai ba, amma mai yana ci gaba da raguwa, a wuce zuwa turbo.

Mataki na biyar: turbo da bututunsa

Sandar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma babu sil na roba da zai jure wannan gudun da wannan zafin. Abin da yake gefe-gefenta ƙananan zobba ne na ƙarfe masu kama da ringin fistin, waɗanda babban aikinsu hana iska da hayaƙi shiga tsakiyar turbo ne. Abin da yake tsare mai a ciki shi ne matsin da yake waje ya fi na ciki, man kuma ya riƙa zubowa ƙasa da nauyinsa da zarar ya gama aiki, ba famfon da yake jawo shi. Duk abin da ya hana shi saukowa zai sa ya taru ya kai tsayin sandar ya malala, kamar kwatar da bakinta ya toshe. Wannan ne dalilin da ya sa sabon turbo yake yoyo a ranar da aka ɗaura shi, kuma canza shi da wani ba ya magance komai.

A fara da bututun dawowa. Ya fita daga ƙasan turbo yana kallon ƙasa sosai, ya gangara ba tare da kwanciya ko hawa ko lanƙwasa mai tsanani ba, ya shiga kasko a sama da inda mai yake tsayawa. Girman da aka saba amfani da shi shi ne -10AN, kusan milimita 16, kuma a duba cikin kowane mahaɗi domin wani ramin cikinsa ya fi tiyon ƙanƙanta. A cire bututun a leƙa: gam ɗin silikon da aka shafa wa gaskit yakan matso ciki ya rufe rabin ramin, tiyon roba kuma yakan kumbura ta ciki saboda zafi alhali wajensa lafiya lau. Silikon ba shi da wuri a wannan mahaɗin ko kaɗan.

Sai bututun shigarwa. Turbo mai boris yana buƙatar mai kaɗan, kamfanin Garrett yana ba da shawarar matsin psi 40 zuwa 45 a bakin shigarsa lokacin da inji yake ƙurewar gudu, abin da akan samu da maƙuntaci, ɗan mahaɗin da yake rage kwararar mai, wanda raminsa inci 0.040 ne, wato kusan milimita 1. Turbo mai bushin kuwa yana shawagi ne a kan mai, kuma galibi ba a sa masa maƙuntaci sai an auna an ga matsin ya wuce kima. Na ga ana matse masa mai don a kashe hayaƙi, hayaƙin ya tsaya ɗin, amma bushin ya ƙone, alhali asalin laifin yana bututun dawowa. A auna matsin a bakin turbo ɗin kansa, musamman idan an canza famfon mai ko an ƙara wa sifirin ɗinsa ƙarfi.

A cire bututun da yake gaban turbo a duba cikinsa. Idan akwai mai tun daga inda tiyon numfashi yake haɗuwa da shi, man daga numfashi ya zo, turbo wucewa kawai ya yi da shi. Idan gaban a bushe yake amma bayan turbo da intakula suna jiƙe, ɓangaren sanyi ne yake saki, sai a duba filtar iska, domin wadda ta toshe ko ta yi ƙanƙanta tana haifar da zuƙa mai ƙarfi a bakin turbo har ta jawo mai ta zoben. Ɗan maiƙo a bangon bututu abu ne da aka saba gani, amma man da yake zuba idan an karkata intakula ba haka ba ne. A kama sandar a girgiza: a turbo mai bushin ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fanka ba ta taɓa bango, amma motsin gaba da baya da hannu yake iya ji alama ce ta lalacewa. Daga ƙarshe a kwance bututun salansa daga bayan turbo, idan da hali a cire turbo ɗin daga manifol na fitar hayaƙi. Idan mafitar ɓangaren zafi tana jiƙe alhali ramukan kan silinda da manifol suna bushe da baƙin kabon, man daga turbo yake. Idan rami ɗaya ko biyu na kan silinda suna jiƙe, man ya riga ya fito daga inji kafin ya iso turbo.

Mataki na shida: kwamfireshan, riƙon iska da kyamara

Sai an kammala waɗancan sannan a juyo kan silinda. A gwada kwamfireshan inji yana da zafi, totur a buɗe, an kashe fetur da wuta, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Gwajin riƙon iska ya fi shi bayani: a kai fistin ƙololuwarsa bawul duka a rufe, a tura iska, galibi psi 100, a karanta kason da yake zurarewa, a kuma saurari inda take fita. A bakin zuba mai ringi ne, a bakin totur bawul na shiga ne, a salansa bawul na fita ne, kumfa a lagireto kuma gaskit ne. Ƙasa da kashi 10 alama ce mai kyau, sama da 20 abin dubawa ne, kuma daidaiton silindu ya fi lambar kanta muhimmanci, domin injin da aka buɗe wa tazarar ringi yana zurarar da iska fiye da na kamfani ko da lafiyarsa ƙalau.

Abin da ake yawan mantawa shi ne gwaje-gwajen nan biyu ba sa auna ringin mai. Ringin sama suke aunawa, kuma silindar da take jiƙe da mai tana iya ba da sakamako mafi kyau ma, domin man yana toshe tazarar. Kyakkyawan kwamfireshan ba ya wanke ringin mai ko ringi na biyu.

Shi ya sa ƙaramar kyamarar da ake zurawa ta ramin filogi take da daraja. A sauke fistin ƙasa a kalli bangon: zanen gicciye da gogar bango ta bari ya kamata ya fito fili ko'ina. Bango mai ƙyalli ruwan zuma yana nuna man da ya ƙone ya cike zanen, abin da yake faruwa idan an bar sabon inji yana aiki a tsaye na tsawon lokaci ba a ɗora masa nauyi ba, ko fetur mai yawa ya wanke bangon a tashin farko. Layuka a tsaye suna nuna karyayyen ringi ko datti. A kalli saman fistin: gefen da ya wanku fes alhali tsakiya tana da kabon yana nuna mai yana hawowa ta gefen ringi. A juya kyamarar sama a kalli bawul, ko a cire manifol na shigar iska bayan motar ta kwana: idan bangon ramin a bushe yake amma mai ya gangaro a jikin sandar bawul ya taru a bayan kansa, sil ne.

Idan sil ɗin bawul ne, a cire murfi a duba ko wani ya zame daga mazauninsa, ko an sa na shiga a wurin na fita, ko kuma kam mai tsayin ɗagawa da aka sa yana sa maɗaurin sifirin ya riƙa dukan kan sil ɗin. Ana iya canza su ba tare da sauke kan silinda ba, a riƙe bawul da iska ko da igiya mai laushi ta ramin filogi. A girgiza sandar bawul a lokacin, domin idan mazubinta ya ci, sabon sil ba zai daɗe ba. A kuma tabbatar ramukan da mai yake bi ya koma ƙasa daga kan silinda ba su toshe da silikon ko gaskit da aka kifa a juye ba.

Mataki na bakwai: idan ya zama dole a buɗe

Idan komai ya nuna ringi, a buɗe da natsuwa, kada a zare ringi daga fistin kafin a duba yadda suke zaune, domin nan shaidar take. Ringi na biyu yana da gefen da yake kankare mai zuwa ƙasa, kuma yana da ɗigo ko rubutu da ya kamata ya kalli sama. Idan an kifa shi, kankaro man yake yi zuwa ɗakin ƙonewa, kuma guda ɗaya tak ya isa. Ringin mai galibi kashi uku ne, kuma bakunan sifirin na tsakiya gamuwa ya kamata su yi, idan suka hau juna ƙarfin tura ringin ya tafi. A auna tazarar kowane ringi a cikin silindarsa. Masu ƙera fistin sukan ba injin turbo inci 0.005 zuwa 0.006 a kowane inci na faɗin silinda ga ringin sama, wato kusan milimita 0.43 zuwa 0.52 a silinda mai faɗin milimita 86, na biyu kuma ya ɗan fi haka, amma takardar da ta zo da fistin ɗin ita ce abin bi. A duba tsakanin ramukan ringi ko akwai tsagewa, a auna tazarar fistin da bango, wadda ta fi faɗi a fistin na haɗin alminiyom mai lamba 2618 idan an kwatanta da na 4032, a kuma auna silindar sama da ƙasa da gicciye a ga ko ta kauce wa da'ira. Bulok ɗin da aka goge ba tare da an ɗaure masa farantin da yake kwaikwayon matsin kan silinda ba yana iya zama da'ira a kan benci ya karkace bayan an ɗaure notuna. A leƙa 'yan bututun da suke fesa mai ƙarƙashin fistin ko wani ya lanƙwashe, a kuma auna tazarar metal, domin mai faɗi tana watsa mai a bango fiye da abin da ringi mai sassauƙan ƙarfi zai iya kwashewa.

Bangon da ya yi ƙyalli sai an sake goge shi da laushin da ya dace da irin ringin, a sa sabbin ringi, a wanke silindar da ruwan zafi da sabulu da buroshi har sai farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito ba tabo. A tashin farko a tabbatar kwamfutar ba ta zuba fetur fiye da kima, a sa man da mai ƙera ringin ya ba da shawara, kuma da zarar inji ya yi zafi an ga ba yoyo, a fita da shi a riƙa ɗora masa matsakaicin nauyi ana saki da giya a ciki, domin matsin ƙonewa ne yake tura ringi su kwanta da bango.

Ko wane gyara aka yi, a yi shi shi kaɗai kafin a taɓa wani abu, domin idan an canza abu uku a rana ɗaya ba za a san wanda ya yi aiki ba. A wanke intakula da duk bututun iska, a sa sabbin filogi, a kuma sa ran salansa za ta ci gaba da ɗan hayaƙi har sai tsohon man da ya kwanta a cikinta ya ƙone. Sannan a koma kan sikeli, a sake awon kilomita 500 zuwa 1,000 da irin man da irin tuƙin da aka yi na farko, a kwatanta lambobin biyu kafin a mayar da matsin turbo yadda yake.